Gidajen Sinagua na jikin dutse: wanne ya dace da mai yini ɗaya?

Wanda ya isa jihar Arizona ta Amurka da niyyar ganin gidajen da mutanen Sinagua, wata tsohuwar al'umma ta 'yan asalin yankin, suka gina a lungunan duwatsu, kuma yini ɗaya kacal gare shi, ya kamata ya auna ƙarfin ƙafafunsa kafin ya sayi tikiti, domin abin da ya raba wuraren shi ne wahalar tafiyar da kowanne yake buƙata.

Montezuma Castle, kusa da garin Camp Verde, shi ne mafi sauƙi. Gini ne mai hawa biyar da ɗakuna kusan 20, maƙale a jikin dutse kimanin mita 27 daga ƙasa, kuma hanyar zuwa gindinsa gajera ce, shimfiɗaɗɗiya, wadda dattijo ko mai keken guragu zai bi ba tare da damuwa ba. Sai dai tun 1951 aka hana baƙi hawa tsani su shiga ciki, saboda haka kallo ne daga nesa, wuya a ɗage. Sunan ma kuskure ne, domin ginin ba shi da alaƙa da Montezuma, sarkin mutanen Aztek na ƙasar Meziko. Tikitinsa yana shigar da mutum Tuzigoot, amma wannan kangon ƙauyen Sinagua ne a kan tudu, ba gidan kogo ba.

A ganina Walnut Canyon, gabas da birnin Flagstaff, ya fi biyan kuɗin mai ƙoshin lafiya. Hanyar Island Trail tana gangarawa kimanin mita 56 cikin kwazazzabo, ta ratsa gaban ɗakuna 25 waɗanda aka zauna cikinsu tsakanin shekarun 1100 da 1250. A nan mutum yana tsayawa dab da bango, ya ga ƙananan ƙofofin da sai an sunkuya ake shiga, da baƙin hayaƙin girki da har yanzu yake manne a rufin dutsen. Wahalar tana wajen dawowa, domin matakalai fiye da 200 ne a wuri mai tsayin kusan mita 2,000 daga teku, inda numfashi yake saurin ƙarewa.

Wanda zanen jikin dutse ya fi jan hankalinsa sai ya nufi Palatki, kusa da Sedona, wanda hukumar gandun daji take kula da shi. Ana buƙatar kama gurbi tun kafin zuwa, kuma ƙarshen hanyar birji ce, wadda take wahalar da ƙaramar mota idan an yi ruwa.