Wata takwas da adaidaita mai batir tsakanin Mirya da Damagaram

Abin da ya tura ni sayen wannan keke ba son gayu ba ne, wahalar mai ce. A watan Maris na 2025 na kwana biyu a layin gidan mai, alhali ga matatar SORAZ nan a arewa da mu, tun 2011 take tace mai. Ruwa-ruwan da muke saye a kwalba bakin hanya kuwa ya daina araha tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023. Shi ya sa da na ga adaidaitar kaya mai batir a wurin wani dillali, sai na sayar da babur ɗina da tumaki biyu na cika kuɗin.

Sana'ata ɗaukar kayan lambu daga Mirya zuwa Kasuwar Dole, tafiyar kilomita 18 ko kusa da haka. A kan kwalta, wallahi ba ni da ƙorafi. Ina ɗora buhu huɗu na albasa da daurin rake, in je in dawo da caji guda, har da saura kaɗan. Ba gyaran kafireta, ba sauya baƙin mai, ba hayaƙi a hanci. Matan da ke ba ni tukwane da randuna sun fi son ta, don ba ta da kakkarwar inji. Tun da na fara, randa ɗaya ce ta fashe, ita ma rami na faɗa.

Shirunta ma har ya yi yawa. Awaki ba sa jin zuwana, yara ma haka. Wata rana a mashigar wani ƙauye na kusa taka wani dattijo da ke tafe da carbinsa. Ya juyo ya ce, "Yaro, wannan abu naka aljani ne? Ko sallama ba ya yi." Na ce, "Baba, a gafarce ni." Washegari na ɗaura mata ƙararrawar keke.

Matsalar tana farawa ne inda kwalta ta ƙare, kuma a nan ƙauyukanmu suke. Dillalin ya rantse mini za ta shiga ko'ina. Ƙarya ne. Rairayi yana shanye batir kamar yadda yake shanye ruwa. Ranar da na yarda na shiga wata ruga ɗauko gero, tayoyin baya suka nutse, fitilar caji ta koma ja tun ban yi rabin hanya ba. Amalanken shanu ne ya jawo ni har bakin titi, mai amalanken yana ta dariya, ni kuwa ina zaune a kan buhuna kamar ango. Jaka ɗaya na ba shi, kuma ya ci kuɗinsa.

Sai caji. Awa shida zuwa bakwai take sha, wuta kuwa kowa ya san halinta a lokacin bazara. Duk wanda ya ga duhun da muka shiga a Agustan 2023, da aka yanke layin da ke zuwa daga Najeriya, ba zai dogara da ita kaɗai ba. Na sayi farantan sola uku na kafa a kan rumfa, amma rana tana fitowa ne lokacin da nake kan hanya, sai dai cajin la'asar. A zafin Afrilu batir ɗin yana ɗumi har ka ji tsoron taɓa shi, dole in nema mata inuwar dogon yaro.

Kayan gyara sai an yi aike Kano. Da wayar maƙura ta tsinke, kwana tara ta yi a zaure kaji suna kwana a cikinta.

Ga mai bin kwalta kullum, kamar Mirya ko hanyar Takeita, na ce ya saya, amma ya haɗa da kuɗin sola cikin lissafi tun farko. Ƙanena da ke ƙauye ya ce zai sayar da jakinsa ya sayi irinta, na hana shi.