Asibitin da ya duba targaɗen babban yatsan ƙafar ƙanina

Ƙanina yana buga wa ƙungiyar ƙauyenmu ƙwallo a yankin Ringim. A wani wasa da aka yi bayan girbi, lokacin da fili ya bushe ya yi tauri, wani ɗan wasa ya faɗo masa a dunduniya alhali babban yatsansa yana kafe a ƙasa, sai yatsan ya lanƙwashe sama fiye da ƙima. Inna ta so a kira maɗori ya ja shi, ni kuwa na ɗauke shi a babur zuwa wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa da ke da likitan gashin ƙashi.

Abin da ya fi burge ni shi ne likitan bai yi gaggawar ɗaure ƙafar ba. Ya tambayi yadda abin ya faru, ya danna ƙarƙashin gaɓar, ya gwada ta da ta ɗaya ƙafar, sannan ya tura mu ɗaukar hoton ƙashi, domin a cewarsa akwai ƙananan ƙasusuwa 2 a ƙarƙashin wannan gaɓa waɗanda kan tsage ko su goce. Hoton ya nuna ƙashi lafiya lau, jijiyoyin da ke riƙe gaɓar ne suka ɗan yage. Ya ce irin wannan rauni yana da matakai 3, na ƙanina yana mataki na 2, kuma da an ja yatsan da yagewar ta ƙaru. Da ya kai mataki na 3, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano zai tura mu.

Maganin ba shi da tsada: hutu, ɗaga ƙafa, ɗaure yatsan da filasta don kada ya ɗaga sama, da takalmi mai taurin ƙasa maimakon silifa. Ya ce a riƙa ɗora ƙanƙara na minti 15 zuwa 20, shawarar da ta fi sauƙin faɗa a ƙauyen da wutar lantarki ba ta zama, har sai da na riƙa saye wurin masu fiya wata.

Inda suka gaza shi ne jira, domin likitan sau 2 kawai yake zuwa a mako, kuma mun yini a kan benci. Bayan mako 4 ƙanina ya fara sassarfa, amma har yanzu ba a ba shi izinin buga gasa ba.