Neman takardar haihuwa, aure, saki ko mutuwa daga ƙasar waje: ofishin jakadanci ko ofishin rajista?

'Yar'uwa, da farko Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyautata makwancinsa, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashi. Kin ce a ƙasar waje ya rasu, can aka haife ki, can kuma aka yi rajistar aurensa da Mama bayan rabuwarsa da matarsa ta farko. Takardun duk sun salwanta, ga shi ana neman su don rabon gado da kuɗin fansho. Kina tambaya ko ki nufi ofishin jakadancin ƙasar da ke kusa da ke, ko ki nema kai tsaye daga ofishin rajistar can. Tunda ba ki ambaci sunan ƙasar ba, bari in ajiye miki hanyoyin biyu gefe da gefe, da misalai daga ƙasashe daban-daban.

Ni dai shawarata ki fara da ofishin rajista. Abin da ya ɓace a hannunku kwafi ne kawai. Asalin bayanin yana nan cikin kundin ofishin da aka rubuta haihuwar ko auren ko rasuwar tun farko, kuma wanda ke riƙe da kundin shi ne mai ikon fitar da sabon kwafi. Ofishin jakadanci galibi ba ya riƙe da wannan kundi. In kin je, ko dai su miƙa miki adireshin ofishin rajistar, ko su karɓi buƙatarki su tura can su jira amsa, kin ga an ƙara tsani ɗaya a kan tafiyar.

Wahalar hanyar rajista guda ɗaya ce, wato gano ofishin da ya dace, domin kowace ƙasa da nata tsarin. A Ingila da Wales abin da sauƙi. Tun 1 ga Yulin 1837 ake rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kuma ofishi ɗaya, General Register Office da ke Southport, yana da kwafin duka. Ana cike fom ta intanet a biya da katin banki, su aiko ta gidan waya, kuma kowa na iya nema ko da ba dangi ba ne. Amma ki lura, Scotland nata daban ne, rajistarta ta fara a 1855 kuma tana Edinburgh, haka ma Ireland ta Arewa tana da nata ofishin. A Faransa kuwa ofishin magajin garin da abin ya faru ake rubuta wa, kuma kyauta ne, sai dai cikakken kwafin takardar haihuwa ba a ba kowa sai mai ita, ko mijinta ko matarsa, ko iyaye da kakanni, ko 'ya'ya da jikoki. Takardar mutuwa ce kowa zai iya nema. Jamus ma ofishin rajistar garin ake nema, wanda suke kira Standesamt, kuma bayan shekara 110 ga haihuwa, 80 ga aure, 30 ga mutuwa, kundin yana komawa ma'ajiyar tarihi.

Amurka ce ta fi rikita mutane. Gwamnatin tarayya ba ta da kundin haihuwa ko mutuwar da suka faru a cikin ƙasar. Kowace jiha da nata ofishin da nata sharuɗɗan, har ma birnin New York yana da rajistarsa daban da ta jihar New York. A California kwafi iri biyu ne: wanda ake ba masu haƙƙi bayan sun yi rantsuwa a rubuce gaban notari, wato jami'in da doka ta ba ikon shaida rantsuwa da sa hannu, da wanda ake ba kowa, mai ɗauke da rubutu a jikinsa cewa ba ya zama shaidar tabbatar da ko wane ne mutum. Wanda bai sani ba sai ya biya kuɗi ya karɓi na biyun, ya kai inda ake buƙata a dawo masa da shi.

To, yaushe ofishin jakadanci yake da amfani? A nan ki rarrabe ofisoshi biyu, don mutane na yawan haɗa su. Akwai na ƙasar da abin ya faru, wanda ke zaune a inda kike. Akwai kuma na ƙasarku, wanda ke zaune can inda Baba ya rasu. Na farkon amfaninsa ya danganta da ƙasar. Mexico, alal misali, tun 2015 ƙananan ofisoshin jakadancinta ke buga wa 'yan ƙasarta takardar haihuwa. Na Amurka kuwa ba ya fitar da takardun jihohi, kai ko takardar da shi da kansa ya bayar ga ɗan Ba'amurken da aka haifa a waje, in ta ɓace, daga Ma'aikatar Harkokin Waje a cikin Amurka ake neman sabuwa. Faransa ta tattara irin waɗannan bayanan na 'yan ƙasarta da aka haifa ko suka yi aure ko suka rasu a waje a ofishi ɗaya a birnin Nantes. Na biyun, wato na ƙasarku, shi ne nake ganin zai fi yi miki rana a kan takardar mutuwa. Idan an sanar da su rasuwar a lokacin, mai yiwuwa suna da fayil mai ɗauke da rana da wuri da lambar rajista, kuma da wannan lambar neman kwafi ya zo da sauƙi. Haka nan idan ƙasar na fama da yaƙi, ko ofisoshinta ba sa amsa wasiƙa, ko ba a karɓar kuɗi daga waje, to mai yiwuwa jakadanci ne ƙofar da ta rage.

Ta fuskar lokaci da kuɗi ba sai na tsawaita ba. Rajista kai tsaye ta fi sauri kuma ta fi araha a ƙasashen da ke karɓar buƙata ta intanet, domin a jakadanci sai an nemi ranar ganawa, an yi tafiya, an biya nasu kuɗin a kan na takardar.

Takardar saki kuma ba ta bin ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan yadda ake zato, saboda galibi hukuncin kotu ce. A Ingila kotun da ta raba auren ake nema. Kafin 6 ga Afrilun 2022 sunan takardar ƙarshe decree absolute, a shari'o'in da aka shigar daga ranar kuma aka koma kiranta final order, kuma in ba a san kotun ba, ana iya neman a bincika kundin ƙasa bayan an biya kuɗin bincike. Ki kula kada a ba ki decree nisi, don wannan matakin farko ne, aure bai ƙare da ita ba. A Amurka magatakardan kotun gundumar da aka yi shari'ar ke da cikakken hukuncin. A Faransa ana rubuta sakin a gefen takardar aure da ta haihuwa, saboda haka sabon cikakken kwafi zai nuna shi. A maganar gado wannan takarda ba ƙarama ba ce, ita ke nuna wace ce matar mamaci a idon doka ranar da ya rasu.

Akwai kuma abin da ke ba ni tausayi ƙwarai in na ji shi: auren da aka ɗaura a wurin ibada amma ba a kai shi rajistar hukuma ba. Faransa auren ofishin magajin gari kaɗai doka ta sani. A Ingila ma in ɗaurin bai cika sharuɗɗan Dokar Aure ta 1949 ba, ba za a same shi a kundi ba. Ki tambayi Mama a hankali, a ina suka sa hannu, gaban wa, kuma wace irin takarda aka ba su ranar. Haka katin asibiti mai ɗauke da nauyin jariri ba takardar haihuwa ba ce, takardar likita mai faɗin sanadin rasuwa ma ba ita ce ta rajista ba.

Samun kwafin rabin aiki ne, saura a yarda da shi a inda za ki kai. Nan ma hanya biyu ce. Idan ƙasar da ta fitar da takardar da ƙasar da za ta karɓa duk suna cikin Yarjejeniyar Hague ta 5 ga Oktoban 1961, hatimi ɗaya ake buƙata, wanda ake kira afostil, kuma ƙasar da ta fitar da takardar ce ke buga shi. A Birtaniya Ma'aikatar Harkokin Waje ke yi, a Amurka kuwa takardar jiha ofishin sakataren jihar ake kai ta. Saudiyya ta fara aiki da yarjejeniyar a Disamban 2022, Sin a Nuwamban 2023, Kanada a Janairun 2024. Idan ɗaya daga cikin ƙasashen ba ta ciki, sai a bi tsohuwar hanya: ma'aikatar harkokin wajen ƙasar da ta fitar ta tantance, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ta karɓa ya buga nasa hatimin. A wannan gaɓar jakadanci ya zama dole. Tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai kuwa, tun 16 ga Fabrairun 2019 aka ɗauke buƙatar afostil a kan irin waɗannan takardu.

Saboda haka kafin ki kashe ko sisi, ki je wurin masu neman takardun, kotu ce ko ofishin fansho ko banki, su rubuta miki abin da suke so: cikakken kwafi mai sunayen iyaye ko gajere, da afostil ko hatimin jakadanci, da fassarar tafinta mai rantsuwa ko babu, kuma ko sai wanda aka fitar cikin 'yan watannin nan. In kamfanin inshora na ciki, ki tambaya ko suna son sanadin rasuwa, don takardar Ingila na nuna shi, ta Faransa ba ta nunawa.

Wajen cike fom, ki rubuta suna yadda aka rubuta shi a can, ba yadda kuke rubutawa yanzu ba. In Mohamed ne a kundi ke kuma kin sa Muhammad, ma'aikaci zai duba kwamfuta ya ce babu. Tsohon fasfon Baba zai nuna miki rubutun da ya yi amfani da shi. Ki haɗa da sunan Mama kafin aure, da garin da abin ya faru, da hoton shaidarki, da abin da ke nuna ke 'yarsa ce. Shi ya sa ya fi kyau ki fara neman takardar haihuwarki, ita za ta buɗe miki sauran.

Game da masu shafukan intanet da ke cewa za su samo miki cikin kwana biyu, da yawansu fom ɗin hukuma ɗin nan suke cikewa su ninka kuɗi, ga shi kin miƙa musu hoton fasfonki. Ki shiga ta shafin gwamnatin ƙasar da kanki. In dole sai an je da ƙafa, ki wakilta ɗan'uwa amintacce ko lauya da takardar wakilci a rubuce. Ki nemi kwafi biyu ko uku na takardar mutuwa a lokaci ɗaya, don wasu ofisoshin in sun karɓa ba sa mayarwa, a aiko ta hanyar da za ki iya bin sawun saƙon, kuma in sun iso kada ki liƙe su da roba, ofisoshi da yawa ba sa karɓar takardar da aka yi wa haka.