Sadiya ta zauna a Aboabo ko ta koma ajin masu hazaƙa?

Maman Sadiya, sannu da ƙoƙari. Tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai da na idar da sallar asuba sannan na ɗauki waya, don ba magana ce ta layi biyu ba. Ga waɗanda saƙon ya wuce su: Sadiya shekararta takwas, tana aji uku a makarantar gwamnati ta Turanci da Larabci nan Aboabo a Kumasi, kuma tun aji ɗaya ita ke zuwa ta ɗaya. Ta ci jarrabawar shiga wata makarantar kuɗi can wajen Santasi, mai aji na dabam da suka ce na yara masu hazaƙa ne. A mayar da ita, ko a bar ta inda take?

Shekara 19 na yi ina riƙe da alli a firamare, kuma na taɓa cire ɗana daga makarantar unguwa na kai shi irin wannan wurin. Kowane ɓangare na ɗanɗana shi.

A cikin bayaninki, zuwa ta ɗayan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da kika ce idan ta gama aiki, malama takan miƙa mata takarda ta rubuta sunayen masu surutu. Ni ma na yi haka, Allah ya yafe mana. Malamar da ke fama da yara sun haura hamsin ba ta da yadda za ta yi da yarinyar da ta gama lissafi goma kafin sauran su gama feƙe fensir, sai ta mai da ita 'yar sanda. Abin da yarinyar ke koya a nan shi ne karatu ba ya buƙatar gumi. Ranar da ta haɗu da abin da ya gagare ta a JHS, wato ƙaramar sakandare, sai ki ga ta ajiye biro tana hawaye, don ba ta taɓa sanin yadda ake kokawa da tambaya ba. Ta wannan fuskar makarantar Santasi ta fi, in har ajin nasu na gaske ne.

A nan kuwa sai an lura. A Amurka, inda ake yawan jin labarin irin wannan aji, makarantun gwamnati da yawa kan gwada yara su ware su, da malaman da aka horar don haka. A nan Gana ni dai ban taɓa ganin haka a firamaren gwamnati ba. Mai makarantar kuɗi ne ke raɗa wa ajinsa sunan da ya ga dama ya buga a allon talla. Galibin makarantun kuɗi manhajar da aka fara a 2019 suke bi, irin wadda ake bi a Aboabo, kuma duka BECE ɗaya, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, za su zauna. Saboda haka gani ya kori ji. Ki je ranar karatu, ba ranar da suka gayyaci iyaye ba, ki ce a nuna miki littattafan aikin yaran ajin. Idan kin ga an sa yaro ya yi bayanin yadda ya samo amsa, ko ya rubuta labari nasa na kansa, ko ya auna wani abu a tsakar makaranta ya zana, to akwai abin kirki. Idan kuwa littafin aji huɗu kawai aka ɗora wa 'yan aji uku, aka bi su da tulin aikin gida, wannan gudu ne kawai, kuma ba sai kin biya sidi ɗaya ba Sadiya za ta yi gudu. Ki tambayi shekara nawa malamin ajin ya yi a wurin, don makarantun kuɗi da yawa malamai ba sa zama saboda ƙarancin albashi. Ki kuma nemi ganin lasisinsu na NaSIA, hukumar da ke duba makarantu. Mai gaskiya ba zai ɓata rai ba.

Sai hanya. Yanzu Sadiya da ƙafa take tafiya, ta sha kokonta da ƙosai a natse, ta bi ƙawayenta. Santasi kuwa sai an ratsa gari, kin san yadda Asafo da shataletalen Ahodwo suke da safe. Nawa ɗan, lokacin da na kai shi can wajen Kwadaso, motar makaranta ƙarfe biyar da rabi take tsayawa a bakin titinmu, ko gari bai gama wayewa ba. Ya dawo dab da magariba. Akwai daren da na shiga ɗaki na same shi ya yi barci zaune, safa a ƙafa, loma ɗaya ta tuwo a hannu, littafin aiki a buɗe a kan cinya. Na zare lomar na kwantar da shi, ni na ƙarasa masa aikin da hannun hagu don kada malami ya gane. Malama guda! Sakamakonsa ya yi kyau, ban musa ba. Amma a wannan shekarar ko shafi biyar bai ƙara ba a karatun allo, don yamma ta tafi a mota, Asabar kuma makarantar ta ƙwace ta da darasin ƙari. Mahaifinsa bai ce komai ba, sai dai ya daina tambayarsa a wace sura yake.

A makarantar da take yanzu, Larabci yana cikin jadawali, hijabi ba abin roƙo ba ne, ranar Juma'a kowa ya san Juma'a ce. A can, sai kin tambaya baki da baki: za ta sa hijabinta? Ina za ta yi azahar? Ana hukunta yaro idan ya yi yaren gida? Yarinyar zango da Hausa take tashi, ta tsinci Twi, yaren Asante, a titi, Turanci a aji, Larabci a gaban malam. Wannan ma hazaƙa ce, kada a kai ta inda za a koya mata jin kunyar biyu daga ciki.

Kuɗi ke kika san aljihunki, ba zan daɗe a kai ba. Sai dai kada ki lissafa kuɗin zango ɗaya. Bayan aji uku saura mata shekara shida kafin BECE, zango 18 ke nan, ga mota, ga abinci, ga littattafan da sai a wurinsu za a saya, ga ƙannenta biyu suna kallo. Cire yaro a tsakiya saboda kuɗi sun yanke ya fi barinsa tun farko ciwo.

Ga wani abu da iyaye kan manta. Tun da aka fara SHS, wato babbar sakandare, kyauta a 2017, kowa manyan makarantu yake hari, kuma an kawo tsarin ware kaso 30 cikin 100 na gurabensu don yaran da suka fito daga makarantun gwamnati. Shi ya sa kike ganin wasu iyaye suna yin akasin abin da kike shirin yi, su kwaso yaro daga makarantar kuɗi su kawo shi ta gwamnati idan ya kusa jarrabawa. Tsarin gwamnati ne, yana iya canzawa kafin Sadiya ta kai. Amma muddin tsarin yana aiki, yarinya mai ƙwaƙwalwarta da ta fito daga Aboabo tana da ƙofa zuwa manyan makarantun 'yan mata irin su Yaa Asantewaa ko St. Louis wadda 'yar makarantar kuɗi ba ta da ita.

Ita kanta yarinyar fa? Kifin rijiya ne yanzu. A can tana iya zuwa ta goma sha biyu a zangon farko, kuma wannan ba laifi ba ne, wataƙila ma shi ne maganin da take buƙata. Tambayar tana kanku ne. Idan ta kawo takarda babu ta ɗaya, babanta zai iya cewa madalla da zuciya ɗaya? In gidan zai koma zaman makoki, gara kada a fara.

Wata a nan ta ce a tsallake da ita aji kawai. Ban so. Ƙwaƙwalwa na tsallake, jiki da wayo ba sa tsallakewa, kuma yarinyar da za ta shiga makarantar kwana da ƙananan shekaru sai an tausaya mata.

Da 'yata ce, ba zan motsa ta a tsakiyar shekara ba. Zan je wurin shugabar makaranta, cikin girmamawa, in roƙi a karɓe takardar masu surutun daga hannunta, a ba ta littafin labari ko tambayoyi masu wuya ta riƙa yi idan ta gama. Malamai da yawa za su yarda, ba wanda ya taɓa tambayarsu ne. Lokacin hutu in yi mata rajista a ɗakin karatu na Ashanti da ke Cultural Centre, akwai sashen yara. Wani ɓangare na kuɗin motar nan in ba malami mai kyau ya zauna da ita sau biyu a mako. Sai in sa ido zango ɗaya. Idan ta dawo tana ba ki labarin abin da ta karanta har ki gaji, ki bar ta. Idan kuwa ta fara ciwon cikin safe wanda ke warkewa ƙarfe tara, ko ta fara cewa makaranta ba daɗi, to wurin ya yi mata kaɗan, ki mayar da ita farkon sabuwar shekara, kuma ki fara duba makarantun da ke kusa kafin Santasi.

In kin sa ranar zuwa duba littattafan nan, ki faɗa mini. Talata ba ni da komai bayan azahar, sai mu hau motar haya ta trotro tare, ki ga tsawon hanyar da idonki.