Maɗaurin Tsaida Jini na CAT Gen 7: Abin da Yake Iyawa a Raunin Harsashi da Wuƙa, da Inda Yake Gazawa

Jikin baligi yana ɗauke da jini wajen lita 5. In harsashi ko wuƙa suka tsinke babbar jijiyar cinya, mutum yana iya zubar da lita 2 cikin 'yan mintoci, kuma daga nan jiki ya fara sanyi, hankali ya fara gushewa, tun motar asibiti ba ta taso ba. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna an kashe mutum kusan 458,000 a duniya a shekarar 2021, kuma bindiga da makamai masu kaifi ne a kan gaba. Don waɗannan 'yan mintocin aka yi maɗaurin CAT (Combat Application Tourniquet), bel ɗin da ake matse hannu ko ƙafa da shi don tsaida jini, wanda sojojin Amurka suka fara rabawa dakarunsu tun 2005, kamfanin North American Rescue kuma yake dillancinsa. Samfurin da ke kasuwa yanzu shi ne Gen 7.

Hukuncinmu tun daga farko: a aikin da aka yi shi dominsa, wato tsaida jinin hannu ko ƙafa, da wuya a sami wanda ya fi shi sauƙi. Amma aikin nan ƙunci gare shi fiye da yadda masu talla suke nunawa, kuma maɗaurin ba ya yafe sakaci.

A hannu, abu ne mara nauyi, bai kai giram 80 ba. Bel ne na nailan mai faɗin santimita 3.8, tsawonsa ya ɗan haura santimita 90, yana manne kansa da Velcro (mannin nan mai ƙaiƙayi irin na takalmi da jaka), bakinsa ja ne don ido ya gano shi cikin ruɗani. Akwai kan bel mai rami ɗaya, da farantin roba da ke zama a kan fata, da sandar murɗawa, da ƙugiyoyi biyu da ake maƙale sandar a ciki, sai wata 'yar igiya mai ruwan toka da ake rufe ƙugiyoyin da ita, wadda ke da wurin rubuta lokaci. Dabarar tana ciki inda ido ba ya gani: sandar ba bel ɗin waje take murɗawa ba, wani siririn bel ne da ke zagaye a cikinsa, shi ya sa matsin yake rarraba ko'ina a kewayen gaɓar. Tsohon samfurin, Gen 6, ramuka biyu ne a kan bel ɗinsa, kuma a cinya ana so a bi ta duka biyun. Mutum da jini a tafin hannu, zuciya na dukan uku-uku, yakan rikice a nan. Rami ɗayan da aka koma shi ne gyara mafi amfani a Gen 7, sai kuma sandar da aka ƙara wa kauri da tsaga-tsaga don kada ta sulɓe.

Ga yadda ake ɗaura shi. Da farko ba a shiga wurin da harbi bai tsaya ba, domin gawa biyu ba ta taimaki kowa ba. In an isa ga mai rauni, a tsaga tufa a ga inda jinin ke fita. Jinin da ke tsartuwa, ko yake malala ya taru a ƙasa, ko ya jiƙe ƙyalle bayan ƙyalle, ko gaɓar da ta guntule, su ne na maɗauri. A sa shi santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ta ɓangaren jiki, ba a kan gwiwa ko gwiwar hannu ba. In duhu ne ko babu halin neman raunin, a kai shi can ƙololuwar cinya ko damtse, ko a kan tufa ne, amma a fitar da waya da makullai daga aljihu tukuna. Sai a zura jan bakin ta ramin, a ja da iyakar ƙarfi, a manne. A murɗa sandar har jini ya tsaya kuma a daina jin bugun jini a ƙasa da maɗaurin. A maƙale sandar a ƙugiya, a ratsa ragowar bel ɗin a kanta, a rufe da igiyar, a rubuta lokaci. Wanda ya saba yana gamawa kafin minti ɗaya.

Matakin da ya fi kayar da mutane shi ne jan farko, ba murɗawar ba. Sandar an yi ta ne ta ƙarasa matsi, ba ta tattare saƙo-saƙo ba. Ma'aunin shi ne: bayan an ja an manne, in kan yatsu uku suna iya shiga tsakanin bel da fata, a kwance a sake ja. In an ja yadda ya kamata, juyin sanda biyu ko uku na rabin zagaye yakan isa. In aka ga an kai juyi biyar, shida, jini bai tsaya ba, to bel ɗin ciki ya nannaɗe ya zama dunƙule, sandar ta fara tauri, kuma a nan ne ake karya ta ko a yage farantin. Laifin ba na roba ba ne, na hannun da bai ja ba ne.

Kuskure na biyu tausayi ne. Maɗaurin da ya matse daidai yana da zafi ƙwarai, mai raunin zai yi ihu, zai roƙi a sassauta. Mai ɗauri sai ya tsaya a rabin hanya. Abin da ke faruwa a nan shi ne, jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya suna da laushi, matsi kaɗan ke toshe su, amma masu kawo jini daga zuciya suna da ƙarfi kuma suna can ciki kusa da ƙashi. Rabin matsi yana rufe hanyar komawa ya bar hanyar zuwa a buɗe, sai jini ya riƙa shiga gaɓar ba ya fita sai ta raunin. Zubar ta ƙaru, gaɓar ta kumbura ta yi duhu. Gara a ce ba a ɗaura ba sam.

Akwai kuma tsohuwar koyarwar nan ta a riƙa sassautawa lokaci-lokaci don gaɓa ta sha jini. An daɗe da watsar da ita. Kowace sassautawa tana wanke gudan jinin da ya fara daskarewa, ta kuma ƙara zubar da abin da ya rage, har mutum ya ƙare kaɗan-kaɗan. Abin da ya dace shi ne akasin haka: a riƙa dubawa bayan an ɗaga mai raunin ko an juya shi, domin tsoka takan saki, matsi ya ragu, jini ya dawo. In ya dawo, a ƙara juyi. In maɗauri ɗaya bai riƙe ba, kamar yadda ake gani a cinya mai kauri, a sa na biyu daf da na farko ta sama. Wannan ne dalilin da jakar agaji mai maɗauri ɗaya tal take da gibi.

Hujjar amfaninsa ba ta talla ba ce. Likita John Kragh da abokan aikinsa sun bi diddigin majinyata 232 da aka ɗaura wa maɗauri a wani asibitin soja a Bagadaza a 2006. Waɗanda aka ɗaura wa kafin jiki ya durƙushe saboda ƙarancin jini, kashi 90 cikin ɗari sun rayu; waɗanda aka jinkirta har ya durƙushe, kashi 10 kacal. Ba a sami wanda ya rasa gaɓa saboda maɗaurin kansa ba. Bayan kisan da aka yi a makarantar Sandy Hook a Disamba 2012, da harin bam na gasar gudun Boston a Afrilu 2013, inda maɗaurai 27 da aka yi amfani da su duk na haɗin gaggawa ne, ba na kamfani ba, Amurka ta ƙaddamar da shirin Stop the Bleed a 2015 don koya wa farar hula wannan aiki.

To, sai iyakarsa. Binciken Brian Eastridge na 2012 a kan sojojin Amurka 4,596 da suka mutu a fagen daga tsakanin 2001 da 2011 ya nuna a cikin waɗanda suka mutu kafin a kai su asibiti, kusan kashi ɗaya cikin huɗu da an iya ceto su, kuma a cikin waɗannan, zubar jini ce ta kashe tara cikin goma. Amma da aka rarraba wurin zubar, kashi 67 a gangar jiki ne, kashi 19 a mahaɗa irin matsematsi da hammata da wuya, hannu da ƙafa kashi 13.5 kawai. Soja ma ke nan, mai sulke a ƙirji. Farar hula ba shi da sulke, kuma mai niyyar kisa ƙirji da ciki da wuya da kai yake nufa. A duk waɗannan wuraren CAT ba shi da abin yi ko kaɗan, kuma kada a taɓa ɗaura shi a wuya.

Shi ya sa ba ma ganin hikimar sayensa shi kaɗai. Abokin tafiyarsa bandejin cusa rauni ne, irin QuikClot Combat Gauze, mai faɗin santimita 7.5 da tsawon mita 3.7, wanda aka shafa wa sinadarin farar ƙasa mai gaggauta daskarewar jini, ko makamancinsa mai suna Celox. A matsematsi ko hammata, ana neman ainihin inda jinin ke ɓulɓulowa da yatsa, a tura bandejin har ƙasan ramin, yatsa na maye gurbin yatsa ba tare da an ɗaga matsi ba, har ramin ya cika dam, sannan a danne da nauyin jiki aƙalla minti 3. In bandeji ne mara magani, a kai minti 10. Ba a cusa komai a ramin ƙirji ko ciki. Na ƙirji ana liƙa masa faci mai ƙofar fitar iska, sannan a yi ɗakin tiyata da gudu, domin can kaɗai ake tsaida wannan jinin. Wuƙar da ta maƙale a jiki kuwa ba a zare ta.

Maganar lokaci tana da muhimmanci fiye da yadda takardar cikin ledar take nunawa. Ƙasa da awa 2, haɗarin lalacewar gaɓa kaɗan ne. Daga nan tsoka da jijiyoyin motsi suna fara mutuwa, kuma bayan awa 6 ba a kwance shi sai a asibitin da ke iya auna jini da lura da zuciya, saboda gubar da matacciyar tsoka ta tara tana iya kwarara ta buge ƙoda da zuciya. Nasarar da aka gani a Iraƙi da Afganistan ta zo ne da jiragen da ke kwashe mai rauni cikin gaggawa. A yaƙin Yukiren, inda kwashewa ke ɗaukar awanni masu yawa, likitoci sun ba da rahoton gaɓoɓin da aka yanke da ƙodojin da suka lalace saboda maɗauran da suka daɗe, wasunsu ma a kan raunukan da dannawa da hannu ta ishe su. Duk inda asibiti ke da nisa, dole ma'aikacin lafiya ya sake duba raunin kafin awa 2, ya ga ko za a iya komawa bandeji. Lokacin da aka rubuta a igiyar shi ne abin da zai dogara da shi, kuma a nan akwai ƙaramin aibu: wurin rubutun ɗan ƙarami ne, biro ba ya kamawa in ya jiƙe. A ajiye alƙalamin maka a jakar, in ta kama a rubuta a fatar mai raunin.

Babbar matsalar CAT a kasuwa ita ce jabu. Shahararsa ta sa ana kwaikwayonsa sosai, kuma a hoto ba a bambancewa. Na jabu sandarsa takan lanƙwashe ko ta ɓalle a juyi na biyu ko na uku, ƙugiya ta buɗe, bel ɗin ciki ya tsinke daga ɗinkinsa, wato daidai lokacin da ake buƙatarsa. Na ainihi yana da tambarin C-A-T a jikin robar da lambar rukunin ƙira, amma masu jabu sun koyi kwafar waɗannan ma. Kariyar da ta rage ita ce saye daga dillalin da kamfanin ya amince da shi, da gudun duk wanda aka karyar wa farashi ko ake sayarwa biyar-biyar a ƙunshi ɗaya. Araha ba ta ado.

Ko na ainihin ma roba ce da nailan. Rana da ƙura da zafin cikin mota suna cinye ƙarfinsa, kuma an gwada waɗanda sojoji suka rataya a waje na watanni a Afganistan aka ga sun fi karyewa. A ajiye shi cikin jaka, amma a cire shi daga ledar kamfani tun yau, a zura bel ɗin a rami a naɗe, a bar igiyar lokaci a buɗe gefe guda, don hannu mai santsin jini ba ya iya yaga leda. Sau ɗaya ake amfani da shi. Wanda aka yi atisaye da shi ya riga ya miƙe, kada ya koma jakar agaji; akwai mai launin shuɗi da aka yi don koyo, baƙi da ruwan lemo su ne na aiki.

Atisayen kuwa ba na rana ɗaya ba ne. A wani gwaji da aka wallafa a 2018 a Amurka, kusan kashi 88 cikin ɗari na waɗanda suka yi kwas sun ɗaura daidai nan take, amma bayan wata 3 zuwa 9 sai kusan kashi 55. Waɗanda ba a koya musu komai ba, kashi 16.

Game da abokan gasarsa, SOF Tourniquet yana da sandar ƙarfe da ƙugiyar da ake ɓallewa, ya fi daɗin ɗaurawa a ƙafar da wani abu ya danne, kuma ba ya dogara da Velcro, wanda laka da daskararren jini suke rage wa kamu. CAT ya fi shi sauƙi in mutum zai ɗaura wa kansa da hannu ɗaya. A kan yara 'yan makaranta yana aiki. A kan jariri ko siririyar gaɓar da bel ɗin ba ya kamawa, sai dai a danne raunin da hannu a riƙe. Ga ɗan sanda, mai gadi, direban motar asibiti ko ma'aikacin agaji, shawararmu ita ce CAT guda biyu na ainihi, bandejin cusawa biyu, facin ƙirji biyu don mashiga da mafitar harsashi, almakashi, safar hannu, maka, da shuɗi guda ɗaya na atisaye duk bayan 'yan watanni.