Mataimakiyar da ke tsara mini talla daga nesa

Sabulu da man shafawa nake haɗawa ina sayarwa, kuma yawancin masu sayen kayana ta Instagram da WhatsApp suke samuna. Haɗa kayan ba ya ba ni wahala, hannuna ya saba. Tallar ce take cinye mini lokaci: ɗaukar hoto, gyara shi, rubuta bayani, tsara takardar da ake liƙawa a jikin kwalba. Sai dare ya yi nake zaman yinsu a gajiye, shi ya sa shafina yau ya yi kyau, gobe ya zama kamar ba mutum ɗaya ke riƙe da shi ba. Abin da ya sa na ɗauki mataimakiya mai aiki daga nesa ke nan, wadda ta ƙware a zane da tsara talla. Mutum ce, ba manhaja ba, kuma har yau ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba.

Na same ta a ɗaya daga cikin dandalin masu aiki ta intanet, irin su Upwork da Fiverr. Abin da ya kwantar mini da hankali da farko shi ne kuɗin aikin yana zama a hannun dandalin, ba ya isa gare ta sai na duba na amince. Da ƙaramin aiki muka fara, tambarin kwalba guda.

Kafin ta zana komai sai da ta yi mini tambayoyi: su wa ke sayen kayanki, shekarunsu nawa, me suke yawan tambaya, wane launi ne ba kya so ko kaɗan? Daga amsoshina ta tsayar da launuka uku da salon rubutu biyu, ta ajiye su a manhajar zane ta Canva tare da tambarin sana'ar, ta yi mini samfuran da zan iya canza suna da hoto a kai da kaina. Hotunan shafi ta yi su a ma'aunin ɗigon hoto (pixel) 1080 a faɗi da 1350 a tsayi, na Story mai ɓacewa bayan kwana ɗaya kuwa 1080 da 1920, yadda za su cika fuskar waya ba tare da an yanke rubutu ba.

Inda na fi ganin amfaninta shi ne wajen bugawa. Na daɗe ina mamakin yadda koren da nake gani a waya yake dusashewa idan ya fito a takarda. Ita ta fahimtar da ni cewa waya da haske take haɗa launi, tsarin RGB, injin bugawa kuwa da tawada huɗu, tsarin CMYK, kuma akwai launuka masu ƙyalli da tawada ba ta iya kaiwa gare su. Ta sake tsara tambarin kwalbar a kan haka, ta bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, ta aika wa mai bugawa fayil ɗin PDF. Wannan karon abin da na gani shi ya fito.

Maganar amana ma ta burge ni. Ba ta taɓa neman kalmar sirrina ba. Ta ce in ba ta izini ta manhajar kula da shafukan kasuwanci, Meta Business Suite, inda take jera abubuwan da za su fita a Facebook da Instagram na mako guda, ni kuma ina iya janye izinin duk lokacin da na ga dama. Mun rubuta a yarjejeniya cewa duk zanen da na biya nawa ne, kuma asalin fayilolin suna cikin Google Drive ɗina. Duk mai shirin ɗaukar irin wannan ma'aikaci, kada ya bar wannan magana a baki kawai.

Akwai inda ba ta gamsar da ni ba. Rubutunta na farko ya cika gyaruwa, sai ka ce wani babban kamfani ke magana, alhali masu sayen kayana da muryata suka saba. Har ta taɓa rubuta cewa wani sabulu yana warkar da ƙuraje. Na cire shi nan take, domin sabulu nake sayarwa ba magani ba, kuma ba zan yi wa mutane alkawarin da ban isa in cika ba. Yanzu ni nake aika mata saƙon murya in faɗi abin da nake so a ce, ita kuma ta daidaita shi. Sannan ba ni kaɗai take yi wa aiki ba, ga bambancin lokaci tsakaninmu, don haka aikin gaggawa ba ya samuwa a yini ɗaya. Gyara sau biyu ne a cikin kuɗin, na uku sai an ƙara.

Saƙonnin masu saye ban ba ta ba, kuma ba ni da niyyar ba ta. Idan mace ta tambaye ni ko man zai karɓi fatar jaririnta, ni ce na san abin da na zuba a ciki, ni ya kamata in amsa. Na sabunta yarjejeniyarmu ta wata-wata, kuma aikin da ke gabanta yanzu shi ne kwalin da zan riƙa zuba kayan masu saye da yawa.