Google, Microsoft ko Zoho: Wanne Ya Dace da Ofishinka Kafin Ka Biya Kuɗin Shekara?

Kwanakin baya wani dillalin kayan masarufi a nan Kano ya kira ni da sassafe, murya ba daɗi. Akantansa ya ajiye aiki bayan sun samu saɓani, kuma lissafin shekara uku, da rasitan kamfanonin da ke ba shi kaya, da jerin masu bashi, duk suna cikin Gmail ɗin yaron na ƙashin kansa. Na ce, "Alhaji, wa ya buɗe imel ɗin?" Ya ce, "Shi mana, ni ina na san wannan." Hatta lambar wayar da ke karɓar saƙon tabbatarwa ta yaron ce. Sai da manya suka shiga aka ba shi baki, sannan ya turo fayilolin ta WhatsApp, wasu ma ba su cika ba.

Duk wanda zai biya kuɗin ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji na ofis da ke kan intanet, maganin irin wannan rana yake saya kafin komai. Wurin rubuta wasiƙa da teburin lissafi kyauta ne a ko'ina. Abin da kuɗinka ke saya shi ne imel mai ɗauke da sunan kamfaninka, da rumbun ajiya na kamfani, da makulli a hannunka: kai za ka buɗe wa ma'aikaci asusu ranar da ya kama aiki, kai za ka rufe ranar da ya tafi, takardu kuma su tsaya a gida. Duka ukun da zan yi magana a kansu suna yin wannan. Inda suka bambanta shi ne yadda kowannensu ke jure rashin wuta, rashin sabis, da hawan dala.

Google Workspace shi ne wanda ake kira G Suite kafin a canza masa suna a watan Oktoban 2020. Babbar fa'idarsa ita ce ba sai ka koya wa kowa ba. Yaron shagon da ke da wayar Android ya riga ya san Gmail da Drive. Mutum biyar za su iya shiga takarda ɗaya a lokaci guda, mai sito yana rubuta abin da ya fita, na kanti yana gani nan take, ba maganar "turo min sabon", ba fayil mai suna "na ƙarshe na ƙarshe 2". A farashin Amurka na 2025, idan an ɗaure da shekara, ƙaramin tsarinsa Business Starter dala 7 ne kan kowane mutum a wata da wurin ajiya GB 30, Business Standard dala 14 da TB 2 (TB ɗaya kusan GB dubu ne), Business Plus dala 22 da TB 5. Taron bidiyo na Meet yana ɗaukar mutum 100 a na farko, 150 a na biyu, 500 a na uku, amma naɗar taro sai daga na biyu. GB 30 ɗin nan ka lura da shi: wasiƙu da fayiloli duk daga ciki suke ci, kuma ofishin da ake yawan ɗaukar hoton kaya da rasit zai cika shi da wuri.

Rauninsa kuwa, ɗan cikin burauza ne. Ana iya aiki da Docs (na rubutu) da Sheets (na lissafi) ba intanet, amma sai an kunna wannan tun da wuri a Chrome ko Edge, an kuma ware fayilolin da ake so su kasance a hannu. Wanda bai yi ba, ranar da sabis ya ɗauke sai kallon allo.

A nan Microsoft 365 ya yi zarra, amma ba kowane tsarinsa ba, kuma nan ne mutane ke yawan yin kuskure. Business Basic, dala 6 a 2025, yana ba ka imel mai GB 50, da rumbun ajiya na OneDrive mai TB 1, da Teams na hira da taro, amma Word da Excel ɗinsa na burauza ne da na waya kawai. Wato matsalar sabis tana nan daram. Sai ka hau Business Standard, dala 12.50, za ka samu Word, Excel, PowerPoint da Outlook na sakawa a kwamfuta, waɗanda ke aiki ko babu data, in sabis ya dawo su aika abin da aka canza. Sharaɗin kawai kwamfutar ta leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30 don tabbatar da lasisi. Lasisin mutum ɗaya yana hawa kwamfuta har biyar, amma na mutum ɗaya ne, ba a ce ma'aikata biyar su raba ba. Business Premium, dala 22, ƙarinsa tsaro ne da ikon goge bayanan kamfani daga laftof ko wayar da aka sace. Mai ma'aikatan da ke yawo da na'urori a hanya shi ya kamata ya dube shi.

Wanda yake ganin maganar aiki ba intanet ƙaramar magana ce, ya tuna ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa. Najeriya da Ghana da maƙwabtansu sun ji jiki, har bankuna. Ba ma sai an je can ba: a ofis da yawa, in NEPA ta ɗauke, na'urar intanet ta mutu kenan, laftof kuwa yana da sauran awa biyu ko uku a batirinsa. Tambayar ita ce, a cikin waɗannan awannin, akantanka aiki zai yi ko hira?

Sai maganar Excel, wadda ita kaɗai ta isa ta yanke hukunci. Idan kuna da tsohon fayil na albashi ko na kaya wanda wani gwani ya gina shekaru da suka wuce, cike da ƙa'idojin lissafi da maɓallan da ake dannawa su yi aiki da kansu, to ka sani maɓallan nan ba sa aiki a Google Sheets, ba sa ma aiki a Excel na burauza. Sai Excel na kan kwamfuta. Haka masu neman kwangila da ƙungiyoyin da ke aika rahoto ga masu ba da tallafi: fom ɗin da ake turo musu kusan kullum na Word ne ko Excel, kuma in ya bi ta wata manhajar ya dawo, layuka kan goce, tebur ya tsallaka shafi. Na taɓa ganin takardar neman kwangila mai shafi 40 ta koma 46 saboda wannan, daren da za a miƙa ta.

Na uku shi ne wanda mutane ba su cika sani ba. Zoho kamfanin Indiya ne, an kafa shi a 1996, kuma tarin manhajojinsa na ofis ana kiransa Zoho Workplace: Mail, Writer, Sheet, Show, WorkDrive na ajiya, Cliq na hira, Meeting na taro. Tsarinsa na Standard dala 3 ne, Professional dala 6, imel kaɗai kuma dala 1. Yana da ofis a Legas, kuma yana saka farashi da naira, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda ya sha wahalar katin banki. Akwai ma imel kyauta na mutum biyar, GB 5 kowanne, da sunan kamfaninka, sai dai ta burauza da manhajarsu ta waya kawai ake buɗe shi, ba ya shiga Outlook. Ga shago ko ƙaramar makaranta da abin da take so shi ne ta daina aika wasiƙa da adireshin Yahoo, wannan ya wadatar.

Abin da zan faɗa a kansa tsakani da Allah: arha ce mai kyau, amma za ka biya da lokaci. Ma'aikatanka ba su saba da shi ba, kuma in abu ya cije, mai gyaran da ke kusa da kai ya fi sanin Outlook da Gmail. Idan kuma kana da niyyar amfani da Zoho Books wajen lissafi da fitar da rasit, to zama a gida ɗaya yana da daɗi.

Yanzu mu zo ga kuɗi, mu ɗauki ofis mai mutum 12. A farashin 2025, Zoho Standard dala 432 ne a shekara. Microsoft Basic 864. Google Starter 1,008. Microsoft Standard 1,800. Google Standard 2,016. Waɗannan farashi suna motsi, kuma na yankinmu kan ɗan bambanta, ga harajin VAT na kashi 7.5 a Najeriya, don haka a ɗauke su ma'auni, a duba na ranar kafin a biya. Amma dubi abin da canji ke yi. Dala 1,800 a farkon 2023, lokacin da canjin gwamnati ke wajen naira 460, naira 828,000 ce. Da dala ta kai 1,500 a 2024, kuɗin ya zama miliyan 2 da dubu 700, alhali ko harafi ɗaya ba a ƙara maka ba. Haya kake yi, kuma mai gidan da dala yake karɓa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun fi mu kwanciyar hankali a nan, tunda sefa a ɗaure take da yuro.

Dabarar da nake ba kusan kowa ita ce kada a saya wa kowa riga iri ɗaya. Microsoft yana bari a gauraya: akanta, sakatare da manaja su samu Standard, sauran tara su samu Basic. Lissafin ya sauko dala 1,098 maimakon 1,800. Direba da mai gadi kuwa ba sa buƙatar asusu sam. Adireshi irin na sashen ciniki ko na tambaya ma ba sai an biya masa lasisi ba: a Microsoft ana yin akwatin haɗaka kyauta, a Google ana laƙaba shi a asusun wani a matsayin suna na biyu.

Biyan wata-wata ya fi na shekara tsada da kusan kashi 20 a Google da Microsoft. Duk da haka, in ma'aikatanka na kaka ne, ana ɗauka ana sallama, gara na watan, domin wanda ya ɗaure da shekara ba ya iya rage yawan mutane sai wa'adi ya cika. Wajen biya kuma, bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira a waje tun 2022, wasu suka dawo da shi a 2025 da iyaka. Shi ya sa ake bi ta dillalai masu izini da ke karɓar naira. Ba laifi, amma ka kafa sharaɗi ɗaya: babban asusun admin, wato mai iko da sauran asusun, naka ne, da lambarka, haka ma rajistar sunan kamfanin a intanet, ko .com ne ko .com.ng. Dillali ya zama mai taimako, ba mai riƙe da makulli ba.

Akwai masu tallar "Office 365 na har abada" a kan 'yan kuɗi kaɗan. Ka guje su. Babu wani tsari mai wannan suna. Yawanci asusu ne a ƙarƙashin wata makaranta ko ƙungiya da ba ka sani ba, mai kula da ita yana iya ganin fayilolinka, yana iya rufe ka gobe. Mai son saye sau ɗaya na halal, akwai Office 2024, sai dai ba ya zuwa da imel na kamfani. LibreOffice kuma, wata manhajar ofis ta sakawa a kwamfuta, kyauta ce baki ɗaya. Masu riƙe da Office 2016 da 2019 su sani Microsoft ya daina yi musu gyaran tsaro tun 14 ga Oktoba 2025.

Makarantu da ƙungiyoyin agaji masu rajista, kafin ku ciro ko sisi, ku nemi tsarin da Google da Microsoft suka ware muku. Ƙaramin matakin kyauta ne ga waɗanda suka cancanta. Asibitoci da masu riƙe bayanan jama'a kuwa, tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanai a Najeriya da hukumarta NDPC, saboda haka ku tambayi inda ake ajiye bayananku da wanda ke iya buɗe su.

Duka ukun suna ba da gwaji kyauta: Google kwana 14, Zoho kwana 15, Microsoft wata guda. Kada ka yi gwajin da sabuwar takarda fara. Ɗauko fayil ɗinku mafi nauyi da rikici ka buɗe. Kashe intanet ka ga abin da ya rage yana aiki. Buɗe shi a wayar ma'aikacin da tasa ta fi ta kowa tsufa. In kuna rubutu da Hausa, rubuta "ƙaiƙayi" da "ɗanɗano" da "ɓarawo" da irin harafin da kuke buga wasiƙunku, ka fitar a takarda ka duba. Wasu salon rubutun (font) ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga sun fito wani iri a tsakiyar kalma. Salon da ake kira Noto Sans yana da su duka.

Ni dai, ofishin da rayuwarsa Excel ce kuma wuta ba tabbas, Microsoft a gauraye nake ba shi. Wanda mutanensa ke warwatse tsakanin sito da kanti da mota, aiki duk a waya, Google. Wanda aljihu ya matse ko katin dala ya gagara, Zoho, ba tare da jin kunya ba.

Alhajin nan Google Starter ya ɗauka na mutum shida, saboda yaransa a waya suke komai. Lambarsa muka saka a asusun admin, muka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, muka buga lambobin ko-ta-kwana a takarda, ya ninke ya saka a sef tare da takardun filayensa. Sabon akantan ya yi ƙorafin rashin Excel sati biyu, daga baya aka saya masa Office 2024 shi kaɗai.